Cinyar Kaza a Hoton Mama

Mama ce ta fara maganar hoton, ba ni ba. Mun dawo daga jana'izar wata ƙawarta a Godogodo, an cusa mu a mota kamar buhunan citta, ita kuwa tana riƙe da takardar tsarin jana'izar tana ta kallon hoton da ke bangonta. 'Ya'yan marigayiyar ba su sami hoton kirki ba, sai suka ciro na katin zaɓe suka ƙara masa girma. Matar da ta tsufa tana ba da waƙa a zumuntar mata, ga ta nan ido a zare, baki a karkace.

"Dubi nan," in ji Mama. "Kamar wadda aka kama da akuyar mutane."

"Mama, yi a hankali, akwai danginta a motar nan."

"Su ji mana. Ai su suka yi." Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kai kuma, in na mutu kuka yi mini haka, zan tashi daga akwatin in mare ka a gaban fasto."

A lokacin ni ma na yi furfura, na bar aikin reluwe, ina da jikoki. Amma na san hannun Mama, kuma ban taɓa jin ta yi alkawarin mari ta fasa ba.

Auren 'yar ƙanena yana tafe, za a yi shi a ƙauyenmu, wajen Fadan Kagoma. Mama ta ce a ranar za a ɗauki hoton jana'izarta, tunda dai za ta sha sabon zane da gwaggwaro, ba sai ta yi wahalar kwalliya sau biyu ba. Ta faɗi yadda take so: a zaune kan kujera, baya a miƙe, Littafi Mai Tsarki a cinya, baki a rufe. Littafin ba ta iya karanta shi ba, amma ta ce ya san ta, ta san shi. Bakin kuwa saboda haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi taro da su ba.

Nan ne na buɗe baki na ce ni zan ɗauki hotunan bikin gaba ɗaya. Na ce wa ƙanena kada ya ɗauko kowa, waɗannan masu hoton biki cin abinci kawai suke zuwa yi. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce, "To, Yaya." A gidanmu ba a musu da babban wa. Da ana yi, da ya cece ni.

Na hau mota na tafi Kaduna, Sabon Tasha, shagon ɗan wani tsohon abokin aikina. Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yanzu babban mutum ne mai tumbi, yana sayar da kyamarori irin na zamani, waɗanda ba a sa musu fim, hoton yana fitowa a bayansu nan take.

Zaɓen kyamarar bai ba mu wahala ba. Ya miƙo mini wata baƙa mai nauyi, na ji ta cika mini hannu, na ce ta yi. Rigimar a kan ido ce. Ashe irin wannan kyamara idonta daban ake saye, a murɗa shi a gaba. Ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ɗaya gajere, bai fi gwangwanin madara ba. Ɗaya dogo, ya kusa kai kamu ɗaya. Aljihuna ya ce ɗaya zan ɗauka.

"Baba, ɗauki gajeren," in ji shi. "Shi ne na biki. Yana kwashe mutane da yawa a hoto ɗaya, kuma ko coci da duhu yana gani."

"Wannan fa?"

"Wannan na masu ɗaukar tsuntsaye ne da 'yan ƙwallo. Yana jawo abin da ke nesa."

Na ce ya ɗaura mini in gani. Na fita ƙofar shago na ɗora ido. Can ƙetaren titi, nesa, wata mata tana suyar ƙosai. Sai ga ta a gabana kamar in miƙa hannu in ɗauki ɗaya. Har zufar goshinta na gani.

To, ni dā mai juya layin jirgin ƙasa ne a tashar Kafanchan. Rayuwata duka na yi ta ne ina ƙanƙance ido ina hangen nesa, ko hayaƙi zai ɓullo ta wajen Jos ko ta kudu. Mutumin da ya yi wannan aiki ka ba shi abin da ke jawo nesa kusa, ai ka gama da shi.

"Baba, biki za ka je ko farauta?" in ji mai shagon. "Wannan in mutum ya matso kusa da kai ba ya ganinsa sam. Kuma yana son rana, yana son hannun da ba ya rawa."

"Hannun nan ya juya layin jirgi tun kana yawo ba wando."

Ya ɗaga hannu biyu sama. Ya sa mini dogon a jaka. Gaskiyar magana, akwai wani dalilin kuma: na hango kaina a ƙauye da abin nan rataye a wuya, dattawan ikilisiya suna matsa mini hanya. Da gwangwanin madara wa zai matsa?

Da na iso gida matata ta dubi abin ta ce, "Yaƙi aka fara ba mu ji ba?" Ban kula ta ba. Kwanakin da suka rage na yi su ina gwaji. Na ɗauki ƙadangare a katangar maƙwabci, na ɗauki shaho a kan ƙarfen sabis, na ɗauki lambar wata tirela da ke wucewa. Duk sun fito tsaf. Mutum a cikin ɗaki ne kawai ban gwada ba.

Ranar auren coci ta cika maƙil. Cocinmu ƙarama ce, tagoginta kamar na rumbu. Na tsaya a gaba kusa da mawaƙa, na ɗora ido don in ɗauki amarya tana shigowa. Abin da na gani wani fari ne kawai, ya cika ko'ina. Na matsa gefe, na sami kunnen fasto, da gashin da ke cikinsa. Wajen sa zobe na sami hancin ango, shi ma a dishe, don hannun da ya juya layin jirgi ya fara rawa. Na ci gaba da latsawa ina gyaɗa kai, kamar komai na tafiya daidai.

Da aka fito aka zo kan abin da kowa ke jira. A wajenmu hoton bayan coci shi ne rabin auren. Mai sanarwa yana kira rukuni rukuni: amarya da ango da iyaye, da kawunai, da gwaggonni, da zumuntar mata, da mawaƙa, da waɗanda suka zo daga Legas. Wanda ba a kira ba zai riƙe abin a ciki har Kirsimeti ta zagayo. Aka jera dangi a matakalar coci. Na ɗora ido, mutum biyu da rabi na gani. Na ja baya. Huɗu. Na ƙara ja baya har na fita daga harabar coci, na ƙetare titi da baya da baya.

Lokacin kaka ne, an yanka citta an shanya a gefen titi. Ban san na shiga shanyar wata mata ba sai da na ji ƙararta a ƙarƙashin takalmina, na kuma ji muryar mai ita.

"Baba! Idonka ɗin nan mai tsawo bai ga ƙasa ba?"

Daga tsakiyar cittar ne dangi suka shiga hoto gaba ɗaya. Sai dai filin da na bari tsakanina da su bai zauna banza ba. Masu waya suka cika shi, kowa ya ɗaga tasa. 'Yan acaɓa suna wucewa. Na yi ihu a matsa, ba mai ji. Sai na koma ba su hannu irin yadda nake ba jirgi, in ɗaga in sauke. Wasu gwaggonni suka ɗauka gaisuwa ce, suka ɗago mini hannu su ma.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ke gaba. Kafin a tafi wajen liyafa Mama ta aiko a kira ni. Ta sa an kai mata kujera barandar gidan ƙanena, ta zauna, ta gyara gwaggwaro, ta ɗora Littafin a cinya, ta rufe baki gam. Barandar taku kaɗan ce, bayana katanga. Na manna bayana da katangar, na ɗora ido. Idon ya yi ta kuka, ya shiga ya fita, yana neman Mama, Mama kuwa tana gabansa. Hazo kawai nake gani mai launin zanenta.

Ta daɗe a haka ba motsi. Can ta yi magana ta gefen baki. "Ka gama, ko sai na mutun da gaske?"

Na latsa. Na ce na gama.

Liyafar a filin makarantar firamare aka yi. Ni dai na nemi gindin mangwaro can ƙarshen fili na zauna, wuyana na ciwo, ba na son kowa ya ce in nuna masa. Zumuntar mata suka fito da tulunansu suna bugawa, suka ɗauko wata tsohuwar waƙa da yarenmu. Don rashin abin yi na ɗora ido. Sai ga Mama. Gwaggwaron ya zame ya koma kan kunne ɗaya. Ta tashi tsaye ba sanda, cinyar kaza a hannunta ta ɗaga ta sama, bakinta duk maiƙo, tana dariya da dukan haƙoran da take ɓoyewa. Ga rana, ga nisa, ga gwiwata da na jingina hannu a kai. Na latsa sau ɗaya.

A cikin hotunan bikin nan kaf, shi kaɗai ne ya fito kamar mutum zai yi magana.

Amarya da ta ga sauran, kuka ta yi. Sai da aka bi wayoyin baƙi aka tattaro mata abin da za ta sa a bango. Har yau ba ta da hoto ita da kakarta a ranar aurenta, kuma wannan ba abin dariya ba ne, ni na jawo. In ta gaishe ni tana gaishe ni da ladabi, amma bikin sunan ɗanta wani mai hoto ta ɗauko.

Mama kuwa na wanke mata guda biyu na kai mata: hazon, da na kazar. Ta kai hazon kusa da ido, ta nisanta shi.

"Wannan bayan na zama ruhu ke nan?"

Na miƙa mata ɗayan. Ta ƙura masa ido. Sannan ta nemi sandarta, na matsa.

"Uwarka ce wannan? Haka za ka nuna ni a gaban ikilisiya, kamar mayya ta sami nama?"

Na koma Sabon Tasha. Mai shagon bai ce ai na gaya maka ba, ya dai tambaye ni ko farauta ta yi kyau. Ya karɓi dogon ya ba ni gwangwanin madara. Na tafi ƙauye, Mama ta sake ɗauko zanen daga ƙasan akwati tana mita, aka ɗaura gwaggwaro, aka kawo kujera da Littafi. Wannan karon komai ya fito: baya a miƙe, baki a rufe, har zaren zanen ana gani. Na wanke shi babba na kawo mata ina taƙama.

Ta duba ta duba. "Wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama. Yadda kika ce."

"Wannan ai yayar marigayiyar nan ta Godogodo ce. Waccan an kama ta da akuya, wannan ta riga ta cinye tana musu."

Ta sa na ajiye su biyun a kan tabarma, na kujera da na kaza. Ta yi ta kallonsu har kunun da ke gefenta ya huce. Ni dai ina tsaye inda sanda ba za ta kai ba. Can ta sa yatsa a kan na kazar.

"A sa wannan. Amma a cire kazar. Kada a ce yunwa kuka bar ni da ita."

Ta ƙara damina da dama bayan nan, tana tuna mini duk lokacin da na je. Da ta rasu na kai hoton wajen masu buga takardu a Kafanchan, na ce a cire kazar. Suka goge ta da kwamfuta. Hannun dai ya rage a sama, a dunƙule, ba komai a ciki. Maiƙon bakin na ce a bar shi, ba ta ambace shi ba.

Ranar jana'iza hoton yana ko'ina, a takarda, a riguna, da wani babba a jikin akwatin. Faston baƙo ne, bai daɗe da zuwa ba, bai ga bikin ba. Yana cikin wa'azi ya ɗaga takardar sama.

"Ku dubi hannun nan," ya ce. "Ku dubi yadda uwarmu ta ɗaga shi ga Ubangiji da murna!"

Tsohuwar da ta raba kaza a ranar bikin tana zaune a layin zumuntar mata. Ita ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin, sannan ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta suna rawa. Na kusa da ita suka riƙe ta, wai kuka ya ci ƙarfinta. Ƙanena ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

Ni ina layin gaba, daf da akwatin, inda hannu zai iya kaiwa. Na zuba wa murfin ido har aka yi addu'ar rufewa. Bai motsa ba.