Alhamis Huɗu a Littafin Baba Malam

A makarantar firamaren da nake koyarwa, a wani ƙauye kan hanyar Baure, mun yi wani dattijon malami da kowa ke kira Baba Malam. Shi ya koyar da ni lissafi a aji huɗu. Da na dawo makarantar a matsayin malami kuma, shi ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake rubuta lesin not, wato shirin darasin da kowane malami ke miƙa wa hedimasta ranar Litinin a sa masa hannu. Nasa ba irin namu ba ne. Da rula yake jan layi, kanu da jan biro, sauran da shuɗi. Mu kuwa na bara muke kwafewa mu canza kwanan wata. Yana sane da mu sarai. Sai dai ya leƙa nawa ya ce, "Malam ƙarami, wannan darasin naka ai ya isa aure."

Wata rana takarda ta zo cewa za a yi bitar kwana uku a Daura kan ƙirƙirarriyar basira, manhajar nan ta waya da za ka rubuta wa tambaya ta ba ka amsa kamar mutum. Malami ɗaya ake so daga kowace makaranta, mai babbar waya, kuma in ya dawo ya koya wa sauran. Ni aka zaɓa. Ba don na fi kowa ba, wayata ce kawai fuskarta ba ta tsage ba.

Na ga abin mamaki a bitar nan, ba zan ɓoye ba. An nuna mana yadda ake sa manhajar ta tsara darasi, ta fitar da tambayoyin jarrabawa, ta sauƙaƙa dogon bayani. Matar da ke koyar da mu ta yi ta nanata cewa kada mu karɓi abin da ta ba mu sai mun duba, don malami ne ya san ajinsa. Wannan maganar ta bi ta bayan kunnena. Na dawo da takardun bita a jaka, ina ji da kaina.

Ranar da zan koya wa malamanmu, bayan an tashi, na biya ofishin hedimasta na ɗauki littafin lesin not na Baba Malam daga kan tebur. Ban tambaye shi ba. Muka taru a aji shida, mu tara, kowa ya takure a bencin yara. Na ɗaga littafin, na buɗe darasinsa na lissafin rabawa.

"Baba, wannan kwana nawa ya ɗauke ka?"

Ya ce, "Yammaci biyu."

Na ce, "To, ku duba agogo."

Na rubuta wa manhajar abin da nake so. Kafin minti ɗaya ya cika ga darasi ya fito, na karanta da ƙarfi. Aka ɗauki salati, sannan aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, a sayar da rula a sayi data!" Shi ma ya yi dariya. Ya miƙe ya karɓi littafinsa, ya goge ƙurar allin da hannuna ya bari a bangon, ya sa a jaka.

Akwai abin da na gani a lokacin na yi shiru. Misalin da manhajar ta kawo na raba tuffa ne, abin da yawancin yaranmu ba su taɓa ci ba. Na Baba Malam damin gero goma sha biyu ne tsakanin gida uku, abin da kowane yaro a ajin ya gani da idonsa. Da na faɗi haka, da na faɗi ainihin abin da aka aiko ni in faɗa. Amma dariyar ta yi mini daɗi.

Bayan sati biyu ya same ni ina ƙoƙarin ta da babur. Ya zaro wata waya daga leda, ya ce 'yarsa ce ta aiko masa daga Kano.

"Malam ƙarami, saura wata huɗu in yi ritaya. Ina so in shiga aji ko sau ɗaya ne da darasin da na shirya da abin nan, da hannuna. Kada in bar makaranta ina jahilinsa."

Na ce, "Ai abu ne mai sauƙi, Baba. Ranar Alhamis in an tashi, in sha Allahu."

Alhamis ta farko, makarantar maƙwabtanmu ta gayyace ni in yi musu irin abin da na yi mana, na tafi. Ta biyu babu sabis a waya, na ce a bari. Ta uku ruwan shuka ya sauka, kowa ya yi gona, ni ma na yi. Duk ranar Juma'a zai gaishe ni da fara'a, ni zan fara ba da haƙuri, shi kuma ya ce, "Babu komai, Allah ya kai mu wata."

Ta huɗu ce ba ni da abin cewa a kanta. Na fito daga aji na hango shi zaune a bakin aji huɗu, ledar wayar a cinyarsa. Na tuna yadda yatsansa ke daɗewa kafin ya sami harafi ɗaya a waya, na ji kasala. Ban da kasalar, akwai kunya: tun ranar dariyar nan ba na iya zama da shi mu biyu. Na zagaya ta bayan ajujuwa, na tura babur ɗina har bakin hanya kafin in tayar, don kada ya ji ƙara. Ni da nake da gemu na yi wannan.

Daga ranar bai sake yi mini maganar ba, ni kuma na ji sauƙi. Ya ci gaba da miƙa littafinsa ranar Litinin. Ranar da aka yi masa walimar sallama ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ƙara ilimi. Na ce a raina in an yi hutu zan je har gida in koya masa, ai yanzu ma ya fi samun lokaci.

Ana cikin girbin gero ya kwanta jinya, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ban je ba sai jana'iza.

Ranar sadakar uku, zan tafi ke nan, 'yar tasa ta Kano ta tsayar da ni a bakin zaure. Ta miƙo wani littafi ta ce, "Malam, sunanka muka gani a ciki."

A gindin bishiyar ƙofar gidan na buɗe. Takardun bitar nan da na ajiye a ofis, ashe ya are su ya kwafe kaf da hannu, har kalmomin Turancin da bai sani ba ya ja musu layi ya sa alamar tambaya a gefe. A shafin ƙarshe kuma lesin not ne, tsaf yadda ya koya mini. Wurin malami, sunana. Wurin aji ya rubuta, "Ɗalibi ɗaya." Abin da ɗalibi ya riga ya sani: "Ya iya kunna waya." Manufa: "A ƙarshen darasi ɗalibi zai iya tambayar manhajar da kansa, ya kuma gyara misalinta ya dace da yaranmu."

Ashe shi ma ya lura da tuffar.

A sama, wurin kwanan wata, Alhamis huɗu ne a jere. Kowace ya ɗora rula ya soke ta da jan biro, layi miƙaƙƙe, babu alamar fushi a hannun. Har ta huɗun, wadda na zagaya ta baya. A ƙarƙashinsu ya ja layi na biyar ya bar shi babu komai, yana jiran in faɗi rana.