Ƙarfen da Ya Ƙi Amsawa

Aikina a gidanmu, ban da girki, shi ne ƙwanƙwasa tukwane. Maigidana yakan saro su a hannun matan Gbagyi na Ushafa, ya ɗaure a keke ya kai kasuwar Zuba. To, kafin ya ɗaure sai na bi su ɗaya-ɗaya da bayan yatsa. Lafiyayyar tukunya tana amsawa, ƙararta ta ɗan ja. Mai tsaga kuwa, ko ido bai gani ba, sai ka ji sautin ya mutu nan take. Wata tsohuwa ce a can Ushafa ta koya mini. Ina ba ku labarin tun ba a fara zancen kawo babban birni nan ba, duk daji ne da duwatsu.

Keken baƙi ne, dogo, tsohon ƙarfe mai nauyi, gadon mahaifinsa. Wata damina ya faɗa rami da shi, fok ya lanƙwashe, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Sai ƙaninsa, mai gyaran keke a Zuba, ya zo har gida da fok biyu a buhu.

Na farko sabo ne fil, amma wuyansa gajere, na ƙananan kekunan zamani. Suka zura shi, bai ko leƙo sama ba balle noti ya kama. Na biyu kuwa ya zauna daram. Tsawo daidai, lanƙwasar ƙafafu daidai, ga baƙin fenti yana sheƙi.

Maigidan ya ce, "Wannan ina ka samo shi?"

"A jikin wani keke na cire, Yaya. Irin naka ne sak."

"Mai keken fa?"

Ƙanin ya sosa ƙeya. "Ya daina hawa."

Ina gindin murhu na ji wannan. Na ce a miƙo mini su. Na riƙe sabon da yatsu biyu na buga masa bayan wuƙa, ya amsa har kaji suka ɗaga kai. Na ɗauki mai fentin. Ƙafar dama ta amsa. Na buga ta hagu, can sama wajen kafaɗa, sautin ya mutu. Na sake, haka.

Na ce, "Malam, wannan yana da tsaga."

Ƙanin ya kwashe da dariya. "Matarmu, yanzu kuma kekuna kika koma dubawa? Gobe zan turo miki mota ki ƙwanƙwasa. Ƙarfe ai ba tukunya ba ne."

"Kai ma in na ƙwanƙwasa kanka na san ƙarar da zan ji."

Maigidan ya yi murmushi, ya ɗaga fok ɗin a rana yana juyawa. Babu abin da ido ya gani. Sabo mai dogon wuya sai an aika Kaduna, sati biyu ko uku, ga tukwane jibge, ga kasuwa jibi. Ya ce a sa. Na ce to, in ya isa babban gangaren nan na hanya ya sauka ya tura. Ya ce, "To, na ji." Na san wannan "to" ɗin nasa.

Ranar kasuwa na ƙwanƙwasa tukwane, duk suka amsa. Maigidan ya ɗaure su, ya hau. Duk sanda tayar gaba ta taka dutse sai in ji wata 'yar ƙara, kamar ana ɓare gyaɗa. Ina tsaye a ƙofa har ta ɓace mini.

Na ɗora miya na manta gishiri. Azahar ta wuce. Wajen la'asar sai ga Bafulatanar da ke kawo mana nono ta shigo, babu ƙwarya a kanta. Hularsa ce a hannunta.

Ta ce, "Yana da rai. An kai shi gidan mai ɗori."

A tsakiyar gangaren fok ya rabu biyu. Kafaɗar maigidan da ƙugunsa suka karye. Ya tashi daga baya, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama ba.

Ƙanin ya kawo mini guntayen ya ajiye a gabana, bai ce matarmu ba. A ƙarƙashin fentin tsohuwar walda ce, tsatsa ta cinye ta.

Da fok ɗin Kaduna ya iso, ƙanin da kansa ya miƙo mini tare da wuƙa. Na buga, ya amsa sosai. Maigidan yana kwance a ɗaki yana ji. Sai ya juya fuskarsa bango.