Yadda Abokina Ya Saka Mahaifiyata a Fim

Shekarun baya, wani abokina da muka yi makaranta tare a Tamale ya haɗa fim. Ni na zama ɗan tallansa na kyauta. Duk wanda na goya a moto, wato babur, sai na cika masa kunne, alhali ko minti ɗaya ban kalla ba. Ya dai gaya mini labarin wani tela ne da ya fita sayen zare bai dawo ba. Yayana ma haka ya fita daga gidanmu a Kukuo, har yau shiru, amma ban kawo komai a raina ba. Kun ga kaifin basira.

Ranar nunawa, bayan la'asar a zauren wata makaranta a Kalpohin, har mahaifiyata na ɗauko.

Gaskiya rabin farko ya ratsa ni. Babu kiɗa, sai ƙarar keken ɗinki yana aiki shi kaɗai a shago. Duk direban yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da uwar telan ta tsayar a titi, idan ya juyo, fuskar ɗanta ce. Sai uwar ta zuba tuwo a koren kwano, ta rufe da murfin da ba nasa ba, ta ajiye a bakin ƙofa. Haka Mma, mahaifiyata, take yi wa yayana kullum. Abokin nan nawa ya sha cin abinci a gidanmu, ashe kallo yake yana adanawa.

Daga nan fim ya rikice. Ɗan sandan da ke bincike ya rikiɗe ya zama zabo, babu dalili. Aka daɗe ana nuna mana itacen ɗorawa har mutane suka fara duba waya. A ƙarshe ga uwar tana haƙa rami a tsakar gida, hannunta duk jini, sai hoto ya ɗauke. Wata mata a bayanmu ta ce, "Ashe uwar ce ta kashe shi." Rabin unguwarmu na wurin, kuma sun gane kwanon.

Na tare abokin nawa a waje. "Wa ya ba ka izinin saka Mma?"

"Ai alama ce," ya ce. "Kowa ya fassara yadda ya so."

"Kai Accra za ka koma da alamarka. Ita gobe kasuwa za ta shiga."

Da muka kusa gida, Mma ta taɓa kafaɗata. "Wadda ta fito a matsayina ta iya," ta ce. "Amma ka gaya masa ni ban haƙa wa ɗana rami ba. Jiransa nake." Ta yi wata biyu ba ta leƙa biki ko suna ba.

Daga baya abokin nawa ya yanke ƙarshen fim ɗin, ya zo ya durƙusa, ta yafe masa. Muna gaisawa, kuma ban taɓa musun cewa yana da baiwa ba. Amma har yau idan na ji ana yabon fim wai ya bar wa mai kallo tambaya, raina ɓaci yake. Tasa tambayar, tsohuwa ce ta yi ta amsa ta a gaban maƙwabta.