Karkataccen Haƙorin Ɗan Gefe

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san ƙarar da ke fitowa daga gidan ƙarshe da hantsi. Ba waƙa ba ce. Sauti ne guda ɗaya tak, dogo, a shaƙe kamar daga cikin rijiya, ya yi ta tafiya har kai mai sauraro ka ji numfashinka na neman ƙarewa, shi kuwa bai yanke ba. Ɗan Gefe ke nan yana gaisawa da ƙahonsa. Cikin kwabar tufafi yake cusa faffaɗan bakin ƙahon, tsakanin riguna da zannuwa, don kada ya dami maƙwabta. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta yi mita har ta gaji: duk zanen da ta ɗaura warin man ƙaho yake yi.

Shekara arba'in da wani abu ya yi yana busa a ƙungiyar badujala ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Ƙahon nasa na tagulla ne, bututu da aka naɗe sau biyu, da madannai uku a sama, da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ake ɗorawa a leɓe. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ƙahon nan kurma ne kuma bebe. Ka hura masa iska daga safe har yamma ba zai ce maka uffan ba. Leɓɓan mai busa ne ke karkarwa a cikin ƙoƙon, ƙarfen kuma ya ɗauki karkarwar ya mayar da ita murya. Su kuwa leɓɓa, a kan haƙora suke jingine.

To shi nasa haƙorin gaba na hagu a karkace yake, ya hau kan ɗan'uwansa tun wata faɗuwa da ya yi a kan keke yana yaro. Saboda haka bai taɓa iya ɗora ƙoƙo a tsakiyar baki ba, sai can gefe, inda laƙabin ya samo asali. Shugaban badujala na wancan zamani ya buge masa hannu har ya gaji, ranar da ya ji shi ya haura wani siririn sauti da babu wanda ke kaiwa, sai ya ce, "Ku ƙyale shi, ko da kunne zai busa." Daga nan fareti, filin ƙwallo, zauren taro, in dai an zo wurin da waƙa ke hawa sama, sauran sukan sauke nasu kaɗan su ba shi hanya. Yadda yake hawan kuwa da ƙarfin tsiya ne: ya danne ƙoƙon a leɓe har jijiyoyin wuyansa su miƙe. Zoben ƙoƙon ya zauna masa a leɓen sama, fari fat, ko barci yake ana ganinsa.

Autarsa ta taso tana kallon wannan baki. Ta lura babanta ba ya buɗe baki a hoto, kuma in dariya ta kama shi a gaban baƙi sai ya kare da hannu. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta girma ta zama mai haɗa haƙoran roba a wani asibitin haƙori, ɗakin aikinta cike da farar hodar zuba samfuri, da jan kaki, da ƙananan magagarai jere a kan tebur. Babanta yakan kira ta Likitana don tsokana, ita kuma ta ce, "Baba, ni fa ba likita ba ce," ya ce, "A gidan nan ke ce."

Dannar shekara da shekaru ba ta tafi a banza ba. Bayan ya yi ritaya haƙoran gaba suka fara girgiza, dasashi ya kumbura, har ya kai ba ya iya gatsar burodi. Likita ya duba ya ce babu makawa sai an cire huɗun sama. Auta da kanta ta ɗauki samfurin bakin kafin a cire. Ta zauna da shi a tafin hannu, ga karkataccen nan ya fito sak a farar hoda, sai ta ce a ranta, yau dai zan biya Baba. Ta sa magagari ta goge shi, ta jera masa sababbi huɗu, reras, irin waɗanda take yi wa masu hannu da shuni.

Ranar da aka sa masa su gidan ya cika da shewa. Inna ta ce wannan saurayin daga ina. Shi kuma ya daɗe gaban madubi, ya juyo ya sa wa Auta albarka har ta yi hawaye.

Da dasashin ya warke, ya buɗe kwaba da hantsi ya ɗora ƙoƙo a inda ya saba. Fuuu. Iska kawai. Ya matsar tsakiya, ya koma gefe, ya danna har farantin robar da ke riƙe da haƙoran ya motsa. Abin da ya fito ko tsohuwar taya mai sacewa ta fi shi daɗin ji. Ya goge ƙahon, ya mayar da shi akwatinsa ya rufe, ya ɗora a saman kwaba, ya ce wa Inna tsufa ne, zai huta. Ya kuma gargaɗe ta kada ta kuskura ta gaya wa yarinyar nan komai.

Auta tana gidanta, sai ƙarshen mako take leƙowa, kuma duk zuwa yakan tare ta da murmushi ya nuna mata aikinta. Amma ita ma ba makauniya ba ce. Mutumin da ƙirjinsa ke cika ƙofa ya fara ranƙwafawa, rigarsa ta yi masa yawa, hira ta ragu. Ta ɗauka ciwo ne, har ta sa aka gwada jininsa, aka ce lafiya lau.

Wata Talata aka tashe su aiki da wuri saboda gyaran wuta, ta biyo ta gida ba sanarwa. Inna ta je kasuwa. Daga tsakar gida ta ji wani gurnani a ɗaki, ta tura ƙofa. Ga Baba tsaye gaban kwaba da ƙaho, haƙoran nata masu kyau suna cikin kofin ruwa a kan taga, shi kuma yana danna ƙarfe a kan leɓen da babu komai a bayansa sai dasashi. Hankicin da ke kafaɗarsa duk ɗigon jini.

"Baba! Me kake yi haka?"

Ya yi wuf zai ɓoye hankicin, ya ga babu amfani. Ya zauna bakin gado.

"Haƙoran ne ba su zauna ba? Suna maka ciwo?"

"Sun zauna, Likitana. Ko na Allah ba su fi su zama ba." Maganar na fita a lauye saboda babu haƙora. "Sai dai ba su san hanya ba."

Ya kamo yatsanta ya ɗora a kan farin zoben nan na leɓensa. Ya ce a nan bayan akwai tudu, wato karkataccen haƙorin, shi ke tokare leɓen sama ya ɗan turo shi gaba. A gindin tudun kuma akwai wata 'yar kafa da ko tsinken sakace ba ya shiga sosai. Ta nan iskar ke bi. Tun yana saurayi duk naman fuskarsa ya ginu ne a kan wannan tudu da wannan kafa.

Sautin da ya riƙa tashin Auta zuwa makaranta tun tana 'yar mitsitsiya, wanda ya ciyar da su ya tufatar da su, ashe ta wata 'yar kafa yake fitowa, ita kuma ta sa magagari ta shafe ta cikin ɗan lokacin da shayi zai huce. Mamaki ya ma fi baƙin cikin yawa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Haba. Ki yi mini kyauta irin wannan in ce ban gode ba?"

"Wallahi Baba ka iya ba mutum haushi," ta ce, tana kuka tana dariya. "Ɗauko ƙoƙon nan. Gobe a wurin aikina za ka karya."

Samfurin asali dai magagari ya riga ya cinye shi, hotunan gida kuma duk bakinsa a rufe yake. Ba abin da ya rage sai harshensa, wanda ya shekara sittin yana shafar haƙorin nan. Ta yi masa faranti na kaki, ta dasa haƙori a kai ta murɗa shi kaɗan. Ya sa a baki, ya lalube da harshe, ya ce a ƙara turo shi waje. Ta ɗumama kakin ta ƙara. Ya ɗora ƙoƙon shi kaɗai ba ƙaho, ya hura, ya girgiza kai. Abokan aikinta suna leƙe suna ƙus-ƙus: mutane na zuwa a gyara musu karkatacce, ga wata tana ɓata lafiyayye da gangan. Makonni suka yi a haka. Wani lokaci abin da za ta kankare bai kai kaurin farce ba, amma ya ce, "Kin wuce, dawo baya." Rannan tana cikin wanke hannu ta ji ƙoƙon ya yi wani zzzz mai kauri kamar zuma ta shiga kwalba. Ta juyo. Idon Baba a rufe yake, ya ƙi sauke hannu.

Ta haɗa masa sababbin haƙoran roba daidai da na kakin, amma da sauran aiki. Haƙorin roba ba shi da saiwa, in aka danna shi irin dannar da ya saba, farantin zai tashi, dasashin ya sake tsagewa. Ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: ko ya daina danna, ko ita da kanta ta kulle akwatin ta tafi da makullin.

Suka tafi wurin tsohon abokinsa mai gyaran kayan busa, wanda ake kira Mai Dalma, a wani shago da matattun ƙahoni ke rataye har rufi. Mai Dalma ya juya tsohon ƙoƙon a hannu ya ce, "Wannan ai wuƙa ce. Tun yaushe nake gaya maka?" Ya sassaƙa masa sabo mai faɗin baki, mai laushin gefe, don nauyin ya bazu a leɓe, ya ɗan lanƙwasa wuyansa yadda zai dace da busar gefe. Sannan ya ɗauko igiya ya ɗaure ƙahon ta tsakiya ya rataye shi a ƙugiya, yana reto daidai bakin mutum.

"Sa hannunka a baya, ka busa."

Ɗan Gefe ya matso da leɓe, ya danna yadda ya saba, ƙahon ya gudu gaba ya dawo ya ƙwale shi a hanci. Mai Dalma ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ka gani? Ba a taɓa tambayarsa ba ne. Ashe shi ma ba ya son dannar."

Aka kai igiyar gida aka ɗaura a ƙugiyar fanka. Dattijo mai furfura, wanda manyan mabusa ke sauke ƙaho su ba shi hanya, ya koma ɗan koyo. Kullum da hantsi ya tsaya hannu a baya yana bin ƙaho yana gudu. Wata rana ya yi zuciya ya ce a kwance tsiyar nan, Inna ta ce in ya kwance igiyar, da ita za ta yi shanya, kuma ba za ta ba shi aro ba. Ya ci gaba. Damina ta shigo ta fita.

Ranar da abin ya faru Auta ta zo kawo masa maganin wanke haƙoran ne kawai. Ta same shi tsaye a tsakiyar ɗaki, taga a buɗe, ƙahon na rataye shiru. Ya ja numfashi har rigarsa ta cika kamar da. Ya kai leɓe a hankali, taɓawa kawai, kamar mai gwada zafin shayi.

Sautin ya fito. Ba a cikin kwaba ba wannan karon, don igiya ba ta kaiwa can. Ya cika ɗakin, ya fita ta taga ya bi layi. Auta ba ta taɓa jin sa a buɗe kusa haka ba, ta ji shi a ƙashin ƙirjinta, gilashin taga na amsawa. Babu hannu, babu madanni, ƙahon ko motsi bai yi ba. Sai ya ɗaga, da leɓe kaɗai, ya hau mataki, ya sake hawa, har ya kai siririn nan na can sama wanda a da sai jijiyar wuya ta miƙe. Ya zauna a kai ya yi ta tafiya. Mai shagon da ke kallon gidan ya tsaya da sikeli a hannu. Auta ta ce, "Ikon Allah."

Da ya yanke, Inna na bakin ƙofa da kumfar sabulu a hannu. Ɗan Gefe ya juyo yana haki, ya washe baki gaba ɗaya, karkataccen haƙorin ya hau kan ɗan'uwansa, kuma bai kare da hannu ba.

Inna ta dube shi ta daɗe, sannan ta goge ido da gefen zane.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Ka daɗe."