Shekarar da muka yi binne

Ina da goyon fari, a wani ƙauye kusa da Tarka, lokacin da Nasara suka sallami maigidana daga soja, ƴan shekaru bayan yaƙin Jamus. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, na ce alhamdu lillahi, ashe akwai raunin da ido ba ya gani. Duk rani lafiya lau muke. Ranar da hadarin farko ya haɗo aka yi tsawa, sai ƙaton nan mai ɗaga damin hatsi da hannu ɗaya ya shige ƙarƙashin gado, ya toshe kunnuwa, wai igwa ce. Kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona tun ƙasa na da laima, shi kuwa kwana da kwanaki bai iya leƙa waje ba. Kun san ƙasarmu ta Damargu, ruwan shuka ba ya jiran kowa. Muka yi shuka a makare, abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Mata a bakin rijiya suka riƙa zolayata wai na auri sojan da girgije ke kora. Na sha kuka, wallahi har na yi tunanin komawa gidanmu.

Da wata damina ta matso, irin da ya rage mana bai cika ƙwarya ba. Uwar mijina, tsohuwa marar yawan magana, ta ce mu yi binne, wato mu shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta ya jira ruwa. Na ƙi. Na ce in yayyafi kawai aka yi zai ruɓe, ko ɓeraye da zabi su tone shi, ga shi ba mu da wani. Ta dube ni ta ce, "Ƴar nan, sama yake tsoro, ba ƙasa ba. Ku ba ƙasa iri tun sama na shiru."

Muka fita cikin rana tsaka, ba ko ɗigon gajimare. Yana sara da sungumi, ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da diddige, rairayi na toya mini ƙafa. Rabon da in ji yana waƙa tun kafin a tafi da shi, sai ranar. Muka zauna jira, ina duban sama duk sanda iska ta juya. Da hadarin ya zo, da ƙarfinsa ya zo. Maigidana na cikin bargo, uwarsa na riƙe da ƙafarsa, ni kuwa ina bakin ƙofa ina kallon ruwa yana sauka wajen gonarmu. Ranar da ya iya fita ya tarar hatsi ya riga ya tsiro, ya tsuguna a tsakiyar gona ya yi ta hawaye.

Har ya rasu bai daina tsoron tsawa ba, kuma kowace shekara binne muke yi, da shi muka ci da ƴaƴanmu. Ƴan uwa, in naku ya dawo daga wani bala'i da halin da ba ku sani ba, kada ku yi saurin yanke ƙauna daga gare shi kamar yadda na kusa yi. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi tsoronsa kawai na gani, tsohuwar nan ce ta ga inda ƙarfinsa ya rage. Allah ya kai haske kabarinta.