Garin da Birkila ya gina a zaune

Tun yana saurayi ake ce masa Birkila, har laƙabin ya haɗiye sunan yanka. Rabin gidajen layinsu aikin hannunsa ne. In ya zo wucewa, yakan shafa bango kamar mai shafa kan ɗansa.

Ranar da tsani ya karye da shi daga hawa na biyu, ƙafafunsa suka daina amsa kira. Duniya ta tsuke masa, ta koma gado da keken guragu da taga mai kallon katangar maƙwabci. Babbar 'yarsa ce ta kawo masa tsohuwar kwamfuta, ta sa masa wani wasa da ake jera bulo a fili.

A wasan, mutum zai iya kafa bene a iska in ya ga dama. Shi kam bai taɓa yarda ba. Sai ya auna, ya haƙa harsashi, ya zuba, ya bar shi ya kwana.

"Baban yara, wai simintin kwamfuta ma sai ya bushe?" in ji matarsa.

"Ci gaba da tsiya. In ya rushe, ba ke za a nuna da yatsa ba."

Shekaru suka shuɗe, fili ya zama gari: kasuwa, gada, asibiti, gidaje masu faffaɗan ƙofa, babu matakala ko ɗaya. A can yake yawo da ƙafa, tun daga hantsi har la'asar.

Sai hannunsa ya soma rawa, aka kwantar da shi a asibiti. Kwamfutar kuwa ta daɗe tana jan jiki, matar ta ce bari ta faranta masa. Ta kai wa mai gyara.

"Ka wanke ta tas, amma don Allah kar ka taɓa masa wasansa."

Mai gyara ya goge komai, ya sa sabuwar manhaja, ya sake sauke wasan. A ganinsa ya cika alkawari.

Da Birkila ya dawo gida ya kunna, wasan na nan. Garin kuwa babu shi. Ciyawa ce koriya shar har iyakar gani.

Aka kira mai gyara, ya wuni a bakin gado yana tono cikin fayilolin da aka goge, gumi na ɗiga masa.

"Baba, akwai garuruwan da wasu suka gina, ana saukewa. Wallahi har da jirgin ƙasa."

"Ɗana, da tsufana zan kama haya?"

Can mai gyara ya yi kabbara: fayil ɗaya ya tsira. Aka buɗe. Ɗaki ne guda, ba rufi, bangonsa a karkace, na makon farko, lokacin da bai iya riƙe linzamin kwamfutar ba.

Matar ta durƙusa gefen keken. "Ka yafe mini. Ai ga mafari, sai ka ɗora."

"Ba laifinki ba ne," ya ce, bai dube ta ba.

Ya ɗora hannu a kan linzamin, ya ɗauki bulo. Hannun ya yi rawa, bulon ya sauka a ciyawa. Ya sake gwadawa, bulon ya faɗa bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Kashe ta," ya ce wa mai gyara. "In da mai so a unguwarku, ka ba shi."