Ranar da Na Ce wa Maigida A'a

A shekarata ta shida ina lura da kwalaye a sito ɗin wani kamfanin jigilar kaya a Dubai Investments Park aka kawo wa kamfanin sabon shugaba ɗan Norway. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofa. Da yankan kifi ya fara aiki a wani tsibiri, ya koma jirgin ruwa, ya riƙe ofis a ƙasashe uku, amma abincin ranarsa burodi ne naɗe a takarda, yana ci a cikinmu a kan katako. Ni abin har kunya yake ba ni.

Ana neman wanda zai shugabanci siton, ni kuwa ina so kamar in mutu. Sai na ƙara ladabi. Ido a ƙasa, kome ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ashe shi a wurinsa mai yawan "to" ba shi da abin faɗa ne.

Rannan ya ba da umarni a goge duk zane-zanen da ke jikin kwalayen 'yan kasuwar Kano, a manna takardar lamba da na'ura ke bugawa. Kowane alhaji da alamarsa, wani tauraro, wani carbi, kuma da ita 'yan dako ke raba kaya a can gida Kano. In aka goge, atamfar wani sai ta kwana a shagon wani. Na buɗe baki, na ji kaina na ce, "To."

Kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. A na uku, lebura ya ɗaga tsumma zai fara gogewa, na yi tsawa, "Khalas, ya isa, tsaya!" Na juya na kalli maigida cikin ido.

"A'a, ranka ya daɗe. Ka yi kuskure."

Ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya. "Wata huɗu nake jiran wannan kalmar daga bakinka," in ji shi.

Ranar Alhamis aka miƙo mini takardar naɗi. Murna ta sa na manta da mota, na kama hanya a ƙafa cikin rana. Sai da na tsaya shan ruwa na lura da bayan ambulan: maigida ya zana ɗan kifi da baƙin alƙalami, alamarsa ke nan.